Yadda Za Ka Auna Dokar Ta-ɓaci da Kundin Tsarin Mulki, Ka Kuma Kare Haƙƙinka a Lokacin Yaƙi

Duk lokacin da shugaban ƙasa ya bayyana a talabijin ya ce ya kafa dokar ta-ɓaci a wata jiha, abin da mafi yawan jama'a suke ɗauka shi ne an naɗe tabarmar doka gaba ɗaya, sai abin da mai bindiga ya ga dama. Wannan zato yana da tushe. Waɗanda suka yi wayo a zamanin soja sun ga Dokar Soja ta 2 ta 1984, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tambayar dalili, kuma ba a soke ta ba sai a 1999. Amma dokar ta-ɓaci ta mulkin farar hula daban take, domin daga cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 take samun ikonta, kuma shi ne ya yanka mata iyaka: yana da sharuɗɗan kafa ta, da adadin ƙuri'un da za su tabbatar da ita, da ranar da za ta mutu, da jerin haƙƙoƙin da ba ta isa ta taɓa ba. Bayanin da ke tafe hanya ce da ɗan jarida, ko ɗalibin shari'a, ko mai unguwa, ko wanda aka kama masa ɗan'uwa zai bi domin gane ko abin da ake yi da sunan tsaro yana kan doka.

Ka fara da neman takardar

Jawabin shugaban ƙasa a rediyo ko talabijin ba ya kafa dokar ta-ɓaci. Sashe na 305 na kundin ya ce ana kafa ta ne da rubutacciyar shela da aka buga a jaridar gwamnatin tarayya, wato Gazet, kuma daga ranar bugawar ne ake fara lissafi. Saboda haka abu na farko da za ka nema shi ne kwafin wannan shela, ka duba abubuwa biyu a cikinta: ranar da aka buga ta, da yankin da ta ambata. Batun yankin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Shelar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar a ranar 31 ga Disamba, 2011 ta shafi ƙananan hukumomi 15 ne kawai a jihohin Borno, Yobe, Filato da Neja, ita kuwa ta 14 ga Mayu, 2013 ta haɗa jihohin Borno, Yobe da Adamawa baki ɗaya. Mutumin da ke zaune a ƙaramar hukumar da ba a ambata ba, ba ya ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ko da akwai soja a ƙofar gidansa.

Bayan haka ka kwatanta dalilin da aka bayar da dalilai bakwai da ƙaramin sashe na 3 ya lissafa. Su ne: ƙasar tana cikin yaƙi, ana fuskantar barazanar mamaya ko shiga yaƙi nan kusa, doka da oda sun riga sun rushe har ana buƙatar matakai na musamman, akwai bayyanannen haɗarin rushewarsu, wani bala'i ko annoba ya auku ko yana dab da aukuwa, wani haɗari na daban yana barazana ga ɗorewar tarayyar kanta, ko kuma gwamnan jiha ya roƙa. Kundin ya yi amfani da kalmar da ke nuna cewa sai a waɗannan halaye kaɗai shugaban ƙasa yake da ikon, wato ba shi da na takwas.

Akwai wani sharaɗi da ba a cika ambata ba. Idan matsalar ba ta wuce iyakar jiha ɗaya ba, gwamna ne ya kamata ya nemi a kafa dokar, da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dokokin jiharsa, kuma shugaban ƙasa ba zai yi gaban kansa ba sai idan gwamnan ya kasa nema a cikin lokacin da ya dace. Don haka a rikicin jiha ɗaya, tambaya ce ta halal a ce: an ba gwamna wannan dama?

Ƙirga kwanaki, ƙirga ƙuri'u

Nan ne aikin yake da sauƙi, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Da zarar an buga shelar, dole ne shugaban ƙasa ya aika kwafinta ga Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai. Idan majalisa tana zama, tana da kwana biyu ta amince. Idan tana hutu, kwana goma. Amincewar kuma sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, ba na waɗanda suka halarci zaman ranar ba. A lissafi, sanatoci 73 ke nan daga cikin 109, da wakilai 240 daga cikin 360. Idan wa'adin ya wuce ba a sami wannan adadi ba, shelar ta mutu da kanta, ba sai wani ya soke ta ba.

Wannan ne ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a watan Maris na 2025, lokacin da majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Bola Tinubu ya kafa a Jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya. A ganina ƙorafin yana da ƙarfi, domin kunne ba ya iya tantance ko masu cewa “e” sun kai 240 ko 200 ne. Mai bin diddigi ya nemi rajistar halartar zaman da rubutaccen bayanin abin da ya gudana a ranar, ya ga ko an rubuta adadi.

Idan an amince, shelar tana aiki wata shida, kuma ba ta sabunta kanta. Kafin wa'adin ya cika dole majalisa ta sake yin ƙuduri da irin wancan rinjaye, sannan tana iya soke ta a kowane lokaci da rinjayen da ya haura rabin dukkan 'yan kowace majalisa. Dokar ta-ɓacin arewa maso gabas ta nuna yadda abin yake aiki: an kafa ta a Mayun 2013, an tsawaita ta a Nuwamban 2013, an sake tsawaitawa a Mayun 2014. Da Jonathan ya nemi ƙari na uku, Majalisar Wakilai ta taru a ranar 20 ga Nuwamba, 2014, ranar da 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa suka harba hayaƙi mai sa hawaye, har aka ga 'yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙofar ƙarfe domin shiga tare da Kakaki Aminu Waziri Tambuwal. Majalisar ba ta amince da ƙarin ba, dokar kuma ta ƙare. Yaƙi da Boko Haram bai tsaya ba, sojoji ba su janye ba, amma a idon kundin tsarin mulki lokacin ta-ɓaci ya wuce daga wannan rana, kuma kamar yadda za a gani a ƙasa, wannan bambanci yana da nauyi ga duk wanda aka tsare bayan nan.

Raba haƙƙoƙi gida uku

Babi na huɗu na kundin shi ne ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan'adam, sashe na 45 kuma shi ne ya faɗi yadda za a iya rage su. Wanda ya fahimci wannan sashe ɗaya ya fahimci rabin maganar, domin ya raba haƙƙoƙin zuwa rukuni uku, kowanne da hukuncinsa.

Rukunin farko su ne haƙƙoƙin da ke sashe na 37 zuwa 41: sirrin mutum da gidansa da saƙonninsa, 'yancin addini, 'yancin faɗar albarkacin baki, 'yancin taro da ƙungiya, da 'yancin zirga-zirga. Waɗannan ana iya taƙaita su ko da babu dokar ta-ɓaci, saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Dokar hana fita, hana acaɓa kamar yadda aka yi a Maiduguri a 2011, shingayen bincike, rufe kasuwannin dabbobi, duk a nan suke faɗawa. Haka ma katse layukan waya, wanda aka yi a Borno, Yobe da Adamawa a 2013 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, aka kuma yi a Zamfara a Satumban 2021 ba tare da an kafa ta ba. Sharaɗin shi ne matakin ya dogara da wata doka, kuma dokar ta zama abin da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Tambayoyin da za ka yi su ne: wace doka ce ta ba da wannan iko, wa ta ba, kuma matakin ya yi daidai da girman matsalar ko ya zarce? Sanarwar kakakin rundunar tsaro ba doka ba ce, sai dai ta nuna dokar da ta jingina da ita.

Rukuni na biyu haƙƙoƙi biyu ne kacal: haƙƙin rayuwa a sashe na 33 da 'yancin kai daga kamu da tsarewa a sashe na 35. Su ne kaɗai dokar ta-ɓaci take buɗe ƙofar rage su fiye da yadda aka saba, amma da sharuɗɗa uku a haɗe. Dole ne Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta ba da izini. Dole ne ya kasance shelar sashe na 305 tana aiki a lokacin. Dole ne kuma matakin bai wuce abin da halin da ake ciki yake buƙata ba. Game da rai, kundin ya ƙara ƙuntata maganar, ya ce rangwamen bai shafi komai ba sai mutuwar da ta auku sanadiyyar aikin yaƙi. Wanda ya mutu a musayar wuta a fagen daga hukuncinsa daban ne da wanda aka kama da rai, aka ɗaure, sannan aka harbe shi. Na biyun kisan gilla ne ko an kafa dokar ta-ɓaci ko ba a kafa ba.

Rukuni na uku su ne waɗanda sashe na 45 bai ba da damar taɓa su ba ko kaɗan. A ciki akwai sashe na 34 da ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan'adam da bautarwa, da sashe na 36 na samun shari'a ta adalci, da sashe na 42 da ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko asali. Kundin ya ambaci sashe na 36(8) da sunansa, wanda ya hana hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ƙara jaddada cewa yaƙi, ko barazanar yaƙi, ko rikicin cikin gida, ko umarnin na gaba ba sa zama uzuri. Saboda haka kwashe samarin unguwa gaba ɗaya don yarensu ko shigarsu, ko dukan wanda ake tuhuma har ya amsa laifi, ba su da mafaka a kowace shela.

Kujerar gwamna da ranar zaɓe

Sashe na 305 bai ambaci dakatar da gwamna ko majalisar jiha ba, sashe na 11 kuma, wanda ya ba Majalisar Tarayya damar yi wa jiha doka idan majalisarta ta kasa zama, ya faɗa a fili cewa wannan bai haɗa da ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba. Duk da haka shugabanni sun bi hanyoyi biyu. Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye a Filato a Mayun 2004 ya naɗa Janar Chris Alli kantoma, ya kuma naɗa Janar Tunji Olurin a Ekiti a Oktoban 2006. Tinubu ya dakatar da gwamnan Ribas Siminalayi Fubara a Maris na 2025 ya naɗa Ibok-Ete Ibas kantoma na wata shida. Jonathan kuwa, wanda shi ne ya fuskanci yaƙi na gaske, ya bar gwamnonin Borno, Yobe da Adamawa, wato Kashim Shettima, Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako, a kan kujerunsu. A Disamban 2025 mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli sun karkata ga cewa shugaban ƙasa yana iya dakatar da zaɓaɓɓu na ƙayyadadden lokaci, alƙali ɗaya ya saɓa. Abin da ya rage wa mai sa ido shi ne ya riƙe kalmar “ƙayyadadde”, ya rubuta ranar cikar wa'adi.

Zaɓe kuwa dokar ta-ɓaci ita kaɗai ba ta ɗage shi. Tsawaita wa'adin shugaban ƙasa a sashe na 135(3) sai idan ana yaƙin da ya shafi ƙasar Najeriya kanta, kuma sai da ƙudurin majalisa, bai kuma wuce wata shida a lokaci guda. Ɗagewar da hukumar zaɓe ta yi a 2015, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, ta tsaya ne a cikin wa'adin da kundin ya tanada, shi ya sa aka miƙa mulki ranar 29 ga Mayu yadda aka saba.

Idan an kama naka

A ranar da aka yi kamu, iyali sukan ruɗe su bazama neman wani babba da zai sa baki. Kafin wannan, a samu mutum ɗaya mai natsuwa ya ɗauki littafi ya rubuta ranar da sa'ar da aka yi kamun, wurin, irin kakin da jami'an suka sa, lambar mota ko rubutun da ke jikinta, sunayen shaidu da lambobin wayarsu, kayan da aka tafi da su, da halin lafiyar wanda aka kama, musamman idan yana shan magani kullum. Bayan wata uku babu wanda zai tuna ko Talata ce ko Laraba, lauya kuma da wannan littafi zai fara aiki. Kada a yi gardama da mai bindiga a shinge ko a ƙofar gida. Wurin jayayya yana gaba.

Daga nan a rubuta takarda zuwa ga shugaban wurin da ake zaton an kai shi, caji ofis ne ko bariki, ana neman sanin inda yake da dalilin tsare shi, a kai kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a ɗaya a dawo da shi gida. Idan an ƙi karɓa, a rubuta ranar da aka ƙi.

Abin da sashe na 35 ya ba wanda aka kama a bayyane yake. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole ne a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Dole ne a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Sai dai a sani cewa wannan tanadi na ƙarshe bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta ba da damar tsarewa mai tsawo, amma da umarnin kotu. Don haka idan aka ce maka “maganar tsaro ce”, abin tambaya shi ne wace kotu ce ta ba da umarnin, yaushe, kuma na kwana nawa. Kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema haramun ne a Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020.

Zuwa kotu

Dokar ta-ɓaci ba ta rufe kotuna, sashe na 4(8) ma ya hana majalisa yin dokar da za ta ƙwace ikonsu. Sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake tauyewa, ko ake shirin tauyewa, damar zuwa Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun sauƙaƙa hanya ƙwarai: ba a buƙatar neman izinin kotu kafin shigarwa, tsufan magana ba ya kashe ta, ɗan'uwa ko ƙungiya na iya shigarwa a madadin wanda ke tsare, kuma wanda ya san abin da ya faru yana iya yin takardar rantsuwa a maimakonsa. Idan rai ko lafiya na cikin haɗari, lauya na iya neman umarnin gaggawa kafin a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. A roƙi kotu ta ce a kawo mutumin gabanta, ta bayyana tsarewar haramtacciya, ta kuma ba da diyya da neman afuwa a bainar jama'a, domin sashe na 35(6) ya tanadi duka biyun. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinsu, ya kuma kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi.

Masu cewa kotu ba ta iya komai a irin wannan lokaci su duba 1962. A ranar 29 ga Mayu na shekarar gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma, shi kuma ya ba da umarnin killace fitaccen lauya Rotimi Williams a Abeokuta. Kotun Ƙoli ba ta rushe dokar ta-ɓacin ba, amma ta duba umarnin da aka ba a kan wannan mutum ɗaya, ta ga babu hujjar da ta isa, ta soke shi. Dabarar da lauya zai ɗauka daga nan ita ce, ya fi sauƙi a ci nasara kan mataki guda da aka ɗauka a kan mutum guda fiye da a ce za a kayar da shelar baki ɗaya, domin alƙalai a ko'ina suna ɗari-ɗari da yi wa gwamnati gyara kan ko akwai haɗari ko babu, amma suna iya tambayar me wannan mutumin ya yi.

Idan an ci nasara gwamnati ta ƙi bin umarni, ko kotunan gida sun yi ta jan ƙafa, akwai Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda tun 2005 take karɓar ƙarar take haƙƙi kai tsaye daga mutane, ba tare da sharaɗin sai an gama da kotunan gida ba. Tana aiki da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983, kuma wadda ba ta da sashen da ya yarda a jingine haƙƙi saboda ta-ɓaci. Hukumar Afirka da ke kula da yarjejeniyar ta faɗa a 1995, a wata ƙara kan Chadi, cewa ko yaƙin basasa ba ya zama uzuri. Sai dai a shiga da haƙuri: kotun ta yanke a Oktoban 2016 cewa tsare Kanar Sambo Dasuki ya saɓa doka, amma ba a sake shi ba sai a Disamban 2019. Sharaɗin shigar da ƙara a kotun biyu ne, kada ƙarar ta zama marar suna, kuma kada a ce tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa.